Gashin da Aka Rataye a Kuka

A wani daji mai yawan tsuntsaye, majalisa ta zauna ta yanke cewa zuwa zance ɓata lokaci ne. Daga ranar, kowace budurwa ta fige gashinta ɗaya ta rataye a jikin kuka, saurayi ya zo ya zaɓa, ya tafi da shi gida ya yi ta kallo. Kafin a ce me, Hankaka ya buɗe marina a gindin kukar. Gashi ya shiga da launin toka, ya fito shuɗi yana ƙyalli, har mai shi ba ta gane shi.

Kyallu, wata fakara mai ji da kanta, ta ƙi kai nata. Ba wai tana da kyan gashi ba ne, launin ƙasa ne kamar na uwarta. Amma ta san abin da Allah ya ba ta: tafiya, da dariyar da ke sa namiji ya manta inda za shi. Abin da ya ƙona mata rai shi ne Ɗanlasan, saurayinta, wanda a da kullum da yamma yana ƙofarsu. Yanzu ya ɗauko wani shuɗin gashi, ya daina fita, ya rame, har ya roƙi majalisa ta nemo masa mai shi ya aura.

Ranar zaman, 'yan mata da dama suka ce nasu ne, har da wata tsohuwar ungulu. Sai shugaban majalisa, Gauraka, ya tambayi Kyallu ko ita ma tana ciki.

Ta miƙe ta ce, “Ranka ya daɗe, ba nawa ba ne, kuma ban zo neman komai ba. Na zo ne in ga abin da ya fi ni. Na gan shi, yana da kyau. In Ɗanlasan ya yi zazzaɓi, sai gashin ya jiƙa masa magani.”

Ta juya ta ratsa tsakiyar fili a hankali, ba ta waiwaya ba. Ɗanlasan ya bi ta da ido, baki buɗe, gashin ya faɗi ƙasa bai ma sani ba. Kunya ta kama shi, amma ƙafafunsa sun riga shi yanke shawara. Ya cim mata a bakin hanya yana ta ba da haƙuri.

“Ka san gidanmu,” in ji ta. “Ka zo da yamma, da ƙafarka. Zan duba in ga ko ka yi mini.”

Ita kuwa majalisa, ganin abin da ya faru, sai ta kafa kwamiti ya binciko yadda za a riƙa rataye tafiya a jikin kuka. An ce har yau suna zama.