Rasuwar Hajiya Mai Huci, Labtob ɗin Nuraddeen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har ya fara zuba ta gefe, Nuraddeen ɗan Malam Tahir na Hillar Gambo, kusa da Abu Na'ama, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa sam masa wutar caji cewa labtob ɗinsa, wadda aka fi sani da Hajiya Mai Huci, ta kwanta dama ranar Talata da hantsi. Mai makokin ya kasa riƙe alƙalami, dama hannunsa bai saba da komai ba sai maus, linzamin kwamfuta. Don haka yayarsa Ruqaya ce ta rubuta a madadinsa, kuma ko gishiri ba ta ƙara ba.

Marigayiyar ta shigo gidan shekara shida da suka wuce. Wan Nuraddeen, Mahadi, shi ya sayo ta ta hannu a kasuwar Wad Madani, ya rantse wa mahaifinsu cewa ta karatu ce. Muna shaida mata, har ta koma ba a taɓa kama ta da laifin karatu ba. Rayuwarta kaf ta sadaukar ga wasa guda.

Ga wanda Allah ya tsare daga ganin wasan: kai soja ne a wata duniya can bayan taurari, amma ba ka ganin fuskarka, sai hannuwanka biyu da bakin bindiga mai aman koren haske. Ka harbe dodannin ƙarfe, ka kwashe kayan gawa ba kunya ba tsoro, ka tsaya hira da masu ido uku kana zaɓar abin da za ka ce musu. In ka yi abin kirki a ƙara maka daraja, a ba ka maki ka saya wa jikinka sabuwar baiwa. A nan Nuraddeen ya ceci duniyoyi bakwai, a shekarar da tsuntsaye suka cinye rabin dawarsa ba wanda ya ce musu kul.

Mace ce mai haƙuri. Sai ta yi minti goma tana tashi daga barci ba ta gaggauta kowa ba. In yaƙi ya yi zafi sai ta ce "fuuuuu" kamar injin ban ruwa, har kaji su bar tsakar gida. Takan ce "fiw, fiw, ta-ta-ta", in sojan ya faɗi kuma ta saki wani "tiiing" mai ban tausayi da ya fi kukan mutane da yawa gaskiya. Abu ɗaya ta tsana a duniya, zafi. Kan bulo biyu ake ɗora ta, Nuraddeen na mata fifita da mafici, gatan da ko mahaifiyarsa ba ta taɓa samu a wurinsa ba.

To, sojan nan guda ɗaya ne, masu shi biyu. Mahadi ke riƙe da maɓallai huɗu na tafiya, shi ne ƙafa. Nuraddeen ke riƙe da maus, shi ne ido da bindiga. Haka za su zauna kafaɗa da kafaɗa a kan angareb, gadon igiyar da ke ƙarƙashin rumfa, suna zagin juna, wannan ya ce makin a zuba shi a iya magana, wancan ya ce wa ya taɓa lallashin dodo. Shekara huɗu suna wannan rigima har suka kai sojan daraja ta arba'in da bakwai, suka tsayar da shi gaban wata ƙatuwar ƙofa, ta ƙarshen wasan.

Ranar kuma motar masu haƙar zinariya ta tashi zuwa arewa da Mahadi a ciki. Kafin ya hau ya ja kunnen ƙanensa ya ce kada ya kuskura ya buɗe ƙofar nan sai ya dawo. Da farko yana bugo waya duk Juma'a. Yau wata goma sha huɗu ba a ji muryarsa ba.

Nuraddeen bai buɗe ba. Kullum bayan la'asar sai ya kunna Hajiya, ya duba sojan yana nan tsaye, ya ɗan zaga da shi yana karo da bango don hannun hagunsa bai iya tafiya ba, ya mayar da shi bakin ƙofar, ya kashe. Mun yi masa dariya har muka gaji. Daga baya muka daina, don duk gidan ba wanda ba ya ɗan leƙawa ta kan kafaɗarsa in zai wuce.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Rufin ɗakin Nuraddeen tun bara yake neman yaɓe, mai ɗakin kuma ya sha alkawarin zai hau da zarar ya samu sarari. Ranar Talata ruwa ya sauko da safe, ya bi ta tsagar, ya sami marigayiyar a kan gado. Mai ita yana gona. Subhanallahi, rana ɗaya tak da ya tafi ba a kore shi ba!

Kakarsu, Habboba Sabah, ita ta tsince ta tana ɗiga. Habboba kuwa magani ɗaya ta sani na duk abin da sanyi ya shiga, ko ƙashin tsohuwa ne ko jikin mai jego: dukhan, ramin hayaƙin nan da mata ke zama a kai. Ba ta yi rowa ba. Ta ciro itacen talha mai kyau da ta ɓoye don biki, ta hura garwashi a ramin, ta shafe bayan Hajiya da man riɗi kamar yadda ake wa kowace mace mai mutunci, ta ɗora ta a bakin ramin, ta lulluɓe da bargo. Awa ɗaya da rabi. Har juya ta ta yi don ɗaya gefen ma ya samu.

Da Nuraddeen ya dawo ya danna maɓallin, marigayiyar ta ce "tik". Kalmarta ta ƙarshe ke nan.

Washegari ya rungume ta zuwa Sinnar wurin Adam mai gyara. Adam ya kwance ta, ya sunsuna, ya ce, "Ya zol, bawan Allah, amarya ka kawo mini ko aiki? Ma'alesh, sai haƙuri. Abin da ke ciki duk ya dahu." Nuraddeen ya ce shi ba injin ya dame shi ba, ma'ajiyar da sojan yake kawai a ceto masa. Adam ya ɗago ta ya nuna masa, ta lanƙwashe kamar kisra, siririyar gurasar dawa, a kan tanda.

Ya dawo gida da niyyar faɗa, muka jera muna jira. Ya tarar Habboba ba ta sa komai a bakinta ba tun jiya. Ta ce, "Ɗan nan, na ga kullum a ciki kake gaida ɗan'uwanka. Na ce kada sanyi ya kama shi." Faɗan bai fito ba. Ya zauna gefen tabarmarta ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da motar ta tashi, mu ma da muka zo kallo muka taya shi.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin leda a wuri uku, da maus wanda yanzu ba shi da abin nunawa, da bulo biyu, da mafici. Ta bar rufi yana yoyo har yanzu.

Za a yi zaman makoki kwana uku a ƙarƙashin rumfa, akwai jabana, gahawarmu, mai zuwa ya taho da sukarinsa. Ana roƙon jama'a kada kowa ya ƙara cewa a sayi wata a sake wasan. An ji, an gode. Sabon soja ba ƙafar Mahadi ta kai shi ko'ina ba. Ba za a binne ta ba, Malam Tahir ya ce maƙabartar gari ba wurin shashanci ba ce. Za a sa ta a akwatin Habboba ta riƙa ƙamsasa tufafi, aikin amfani na farko da za ta yi wa gidan. Maɓallai huɗun da yatsun Mahadi suka goge wa rubutu, Nuraddeen ya ɓalle su ya ƙulle a ƙyalle.

Sai roƙo na ƙarshe. Duk mai hanyar arewa, in ya gamu da wani dogo mai wushirya a ramukan zinariya, mai suna Mahadi ɗan Malam Tahir, don Allah kada ya ba shi labarin rasuwar nan. Ya ce masa kawai ƙanensa bai buɗe ƙofar ba.