Kwaɗin Bagadaza da Mudun Baffa Joda

Jama'a, yau da ƙafata na taka daga Bagadaza har wani ofishi da ba zan kama sunansa ba, kuma duk a kan kwaɗo. E, kwaɗo, ba kuskuren masu buga jarida ba ne. Babur ɗina kwanansa uku a layin mai, a ƙasar da ake haƙo man, shi ya sa na isa gumi sharkaf.

Maƙwabcina Baffa Joda na raka. Shekara talatin yana noman gero a bayan unguwa, bai taɓa tambayar kowa ranar shuka ba sai kwaɗin kududdufinmu. Shi kwaɗo ba shi da ɗumin jikin kansa, yadda gari yake haka jikinsa yake. Da rani sai ya binne kansa a laka ya yi lamo, ba ya fitowa sai ƙasa ta yi sanyi ta jiƙu da gaske. Ranar da Baffa ya ji kukansu, washegari yana gona.

To bana gari ya rikice. Kwana uku aka yi sanyi da yayyafi, kwaɗi suka fito suka cika unguwa da kuka, suka zuba ƙwai. Baffa ya zuba irinsa. Sai rana ta dawo kamar an buɗe tanda. Kududdufi ya ƙafe, 'ya'yan kwaɗin suka bushe a laka baƙi ƙirin, gero ya ƙone tun bai kai ɗan yatsa ba. Bayan sati biyu aka sake yin haka, wallahi, sak! Yanzu mudu ɗaya na iri ya rage masa, matarsa A'i kuma kullum idonta na kan mudun, don rumbu ya daɗe da yin fayau.

"Malam," ya ce da ni, "kwaɗi sun ruɗe, ba laifinsu ba ne. Kai mai boko ne, kai ni wajen masu ilimi su faɗa mini ranar da zan shuka wannan. In na sake kuskure, na gama."

Masinjan ofishin, Elias, mutumin kirki ne. Ya ce mu kwantar da hankalinmu, an sayo na'urar auna yanayi daga Turai. Ya nuna mana ita a baranda, cikin akwatin katako, an ɗora mata tire na shayi. Na ce me ya hana a buɗe? Ya ce wanda ya iya ta yana kwas a ƙasar waje, wata na goma sha ɗaya ke nan.

Bayan awa uku aka shigar da mu gaban Mai Girma Sarkin Taron Bita, Allah ya ƙara masa kujera mai juyawa. Ɗakin sanyi ƙalau, na'urar sanyaya ɗaki na ta huci, shi kuwa yana sanye da kwat a kan suwaita. Baffa ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, zafin nan da sanyin nan da ke ta musanya..."

"Wane zafi?" in ji Mai Girma. Ya dubi sakatarensa. "An kawo rahoton zafi?"

Ba a kawo ba. Saboda haka babu zafi.

Da ya ji batun kwaɗo sai ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce irin wannan duhun kai ne ke mayar da ƙasa baya. An riga an tsayar da ranar shuka: sha biyar ga wata, za a yi bikin ƙaddamarwa da rumfa da lemo.

"Ranka ya daɗe, ran nan za a yi ruwa?" in ji Baffa.

"Ran nan ne Babban Baƙo ba shi da wani taro."

Na kasa haƙuri, na ce in ba a yi ruwa ba fa? Ya ce an tanadi tankar ruwa biyu da za su jiƙa filin da Babban Baƙo zai jefa ƙwaya uku a ɗauki hoto. Kai, tsari ya yi tsari! Ni dai ban taɓa ganin hangen nesa irin wannan ba.

Muka kamo hanyar gida. Baffa ya ce mu biya ta kududdufi, ko zai ga alamar kwaɗin da suka rage a laka, don in sun sake fitowa zai ƙara ba su amana sau ɗaya. Muna isa muka tarar da tifa uku suna juye jar ƙasa a ciki. Direba ɗaya, Rufa'i, ya ce an ba da filin, wajen ajiye sababbin motocin manya za a yi. Baffa ya tsaya yana kallo har aka rufe wurin ruf. Raina ya ɓaci.

A ƙofar gida ya kira A'i, ya shiga ya ɗauko mudun ya miƙa mata.

"Ki daka," ya ce. "A yi kunu, kowa ya sha."

Ina rubutun nan ina jin sautin taɓaryarta ta bayan katanga. Don haka ina taya shugabanninmu murna: bana dai fari ba zai taɓa ko zangarniya ɗaya a gonar Baffa Joda ba.