Ƙwallayen Mangwaro Tara a Bakin Zani

Abubuwa da yawa sun fice mini daga kai, ko jikokina sai na kira suna uku kafin in dace da wanda nake nema, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na faɗi sumammiya a siton ƙaro na Bompai ba.

Lokacin naira tana sabuwa a hannun mutane. Mu mata wajen ashirin muke takowa daga Hotoro da ƙafa, mu zauna kan buhuna muna tsintar ƙaro, mu ware fari da ja, mu fid da tsakuwa da ɓawon itace. Ni ce babba a layinmu, ni ce kuma mai faɗa. A bayan siton akwai bishiyar mangwaro ta manaja, an hana kowa taɓa ta. Duk wadda na ga ta ɗaga kai ta kalli bishiyar nan sai ta sha wa'azi. (Allah Ya yafe mini, har aya nake ja musu, ni da ban haɗa izu ɗaya ba.)

To, ranar nan tsakiyar bazara ce, rufin kwano ya ɗauki zafi kamar tanda, ni kuma na fito gida ko koko ban kurɓa ba. Da azahar na zaga baya yin alwala. Na duba gabas, na duba yamma, Baba maigadi ya tafi masallaci. Ga mangwaro ɗanye shar yana lilo daidai goshina, ga ƙullin gishiri da yaji a lalitata. Na ce ɗaya dai, don in tsai da yawu. Jama'a, sai da na ci tara. Ƙwallayen kuwa na ƙulle su a bakin zani, don Baba kullum yana share gindin bishiyar, in ya tsinci ƙwallo ɗaya sai ya tara mu duka.

Na dawo na zauna da fuskata ta mutanen kirki. Sai Hajara, wata bazawara 'yar Maraɗi da ba ta fi sati biyu da fara aiki ba, mai marayu biyu, ta miƙo mini gwaba. "Yaya, ga wannan ki taɓa, na ga tun safe ba ki sa komai a baki ba." Na karɓa, na yi bisimilla da ƙarfi, na cinye a gaban kowa.

Ba a jima ba cikina ya murɗa kamar ana matse wanki. Gumi ya keto mini. Na miƙe zumbur zan nufi bayi, sai na ga duhu.

Sanyin ruwa ne ya farkar da ni, amma da na ji yawan muryoyin da ke kaina sai na ƙi buɗe ido. Ina kwance ina jin ana rabon ciwona. Iya Ladi ta ce mutanen ɓoye ne, ai ta sha faɗa a daina zagawa gindin bishiya da tsakar rana. Wata ta ce farfaɗiya ce, ta cusa mini cokali a baki, wata tana goga mini albasa a hanci. Talatu uwar surutu ta ce, "Ku dai ku bari, ciki ne da ita." Ciki! Ni da maigidana ya yi wata bakwai a Ikko yana tuƙin babbar mota! Saura kaɗan in tashi in mare ta, na tuna a sume nake.

Can Malam Idi mai kula da mu ya ce, "Wai me ta ci?"

Wata ta ce, "Gwaba. Hajara ce ta ba ta."

Sai ƙus-ƙus ya tashi: baƙuwa ce, wa ya san abin da ta zo da shi, ƙila girman layi take nema. Hajara tana rantsuwa, "Wallahi a bakin ƙofa na saye su, ni ma na ci biyu."

Malam Idi ya ce, "Tattara kayanki. Ki gode Allah in abin ya tsaya a kora, 'yan sanda ba nisa gare su ba."

Na so in daure a suman nan har a tashi aiki. Amma da na ji ƙarar kwanon Hajara tana ɗauka, sai na tuna yaran nan biyu da ke jiran abin da za ta kai musu. Na tofar da cokali, na tashi zaune, na ce, "Ku ƙyale baiwar Allah." Na kwance bakin zani. Ƙwallaye suka gangaro kan siminti, ɗaya na bin ɗaya.

Baba maigadi ya tsuguna ya ƙirga su da ƙarfi, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ɗago ya ce, "Tara. Malama, wace aya ce ta halatta wannan?"

Malamin asibitin da aka kira daga masana'antar da ke maƙwabtaka da mu ya danna cikina, ya duba idona, ya tambaya ko jikina ya yi borin jini, ko leɓena ya kumbura, ko numfashi ya yi mini wuya. Ya ce akwai waɗanda jininsu bai haɗu da wani ɗan itace ba, su kam asibiti ake rugawa da su. Akwai mai gyambon ciki da tsami ke tayar masa, akwai wanda ya ci abin da ba a wanke ba. "Ke kuwa, yunwa ce da zafi da ɗanyen mangwaro da yaji, kika kuma miƙe a firgice." Talatu ta ce, "Da kwaɗayi." Bai musa ba.

Aka ba wata girman layi, Hajara ta ci gaba da aikinta. Daga ranar na koyi cewa in zan yi wa'azi, in fara laluba bakin zanina. Hajara kuwa har yau duk bazara sai ta aiko mini da nunannen mangwaro, da saƙonta da ba ya canzawa: "A ce wa Yaya ta karya tukuna."