Kujerun Gwamnati Ba Na Zama Ba Ne

Jama'a, ku yi mini jaje. Kwat ɗin surukina ya yage a hammata, kuma a jikina ya yage, a gaban manyan ma'aikatan gwamnatin tarayya, daidai lokacin da na ɗaga hannu zan yi tambaya. Tambayar ba ta samu fitowa ba. "Ɓarrr" ɗin ce ta fito, har wata mai buga takardu ta leƙo ta ƙofa tana neman wanda ya yi. Kafin ku ce me ya haɗa ni da kwat ɗin aro, bari in ba ku labarin tun daga tushe. Maƙwabtaka ce ta ja mini.

Maƙwabcina kafinta ne. Katanga ɗaya ta raba mu, ƙarar zartonsa ce agogona tun kafin in yi furfura. Kowa Kafinta yake ce masa, har 'ya'yansa in an tambaye su sunan babansu sai sun tsaya tunani. Mutum ne mai haƙuri, ba ya shiga sabgar da ba tasa ba, har ranar da kawun matarsa, wanda yake masinja a wata babbar ma'aikata, ya zo da albishir: ana neman wanda zai kawo kujeru, ɗaruruwa, kafin shekara ta ƙare.

Ku da ba ku san yadda abin yake ba, ga shi. Tun daga farkon shekara, in ka je ma'aikata neman ko da ƙwan fitila ne, amsa ɗaya ce: "Ba a saki kuɗi ba." Famfo ya lalace, ba a saki kuɗi ba. Rufi na yoyo a kan fayil, a kawo bokiti. Amma Disamba na kamawa sai kuɗin su farka daga barci, a tuna cewa abin da ba a kashe ba zai koma baitulmali, baɗi kuma a rage musu kaso. To, a wajen manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, kuɗi su koma baitulmali abin kunya ne, kamar a kai wa baƙo abinci ya mayar da kwano bai taɓa ba. Sai a shiga saye hannu baka hannu ƙwarya. Labule, agogon bango, na'urar sanyaya ɗaki a ɗakin da ba wuta. A ɗan tsakanin nan za ka ga ma'aikaci yana gudu a baranda, abin da ba ka gani ba duk shekara.

Kafinta ya ji kujeru, ya ga arziki ya zo har ƙofar gida. Kawu Masinja ya ce masa aikin na gaggawa ne, wanda kayansa ke ƙasa shi ke gaba. Washegari bawan Allah ya sayar da babur ɗinsa, wanda da shi yake kai yara makaranta, ya loda katako har tsakar gida ba wurin shanya.

Matarsa, Maman Biyu, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu. Ina jin su ta katanga.

"Baban Biyu, wannan ai cinikin biri a sama ne. An ba ka aikin ne?"

"Ba a fafe gora ranar tafiya," in ji shi.

"To, Allah ya sa akwai tafiyar."

Ni kuwa ga yadda na shigo ciki. An ce gwamnati ba ta hulɗa da mutum, sai da kamfani, kamfani kuwa sai da Manajan Darakta. Kafinta ya zo ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ya ce, "Malam, kai kana da tumbi, ga tabarau. Ni in na shiga, ƙurar katako za su fara gani." Na ce tumbin na rashin motsa jiki ne, ba na arziki ba. Ya ce su ba za su gane ba. Haka na samu muƙami mafi girma a rayuwata, ba albashi, ba ofis. Muka yi zaryar takardu har takalmina ya buɗe baki, muka rubuta farashinmu, muka liƙe ambulan, muka jefa a akwati.

Ranar buɗe ambulan na ari kwat ɗin surukina, muka yi sammako. Aka ce mu jira a baranda. To, a barandar nan na ga abin da ya sa na cire tabarau na goge. Kujeru ne sababbi fil, cikin ledarsu, an jibge su tun daga ƙasa har silin, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Mu kuwa masu jira, ko benci babu. Da ƙafata ta fara tsami, na miƙa hannu zan jawo ɗaya. Sai mai gadi ya daka mini tsawa.

"Kai, Alhaji! Kayan gwamnati ne!"

Na ce, "Ai ni ma na gwamnati ne, baba. Zama kawai zan yi."

"Ba a raba su ba tukuna. Kwamiti bai zauna ba."

"Na yaushe ne?"

"Na gaban nan na bara ne. Na bayansu, na bara waccan."

Na so in tambaye shi ko rashin kujera ne ya hana kwamitin zama, amma na tuna ni Manajan Darakta ne, na kama girmana.

Kusa da mu akwai wani bawan Allah jingine da bango, yana wasa da makullin mota. Muka gaisa. Ashe direban ma'aikatar ne, kuma shi ma ya nemi kwangilar. Na yi mamaki, na ce yana da wurin aikin katako ne? Ya yi dariya har da tafawa.

"Yallaɓai, kai sabon shiga ne ko? Doka ta ce sai kamfani uku sun nema kafin a ba ɗaya. To, ni ne na uku. Duk shekara ni ne. Bara magunguna na nemi kawowa, na faɗi. Kafin nan kwale-kwale, nan ma na faɗi. Ban taɓa ci ba, amma ban taɓa rasa na cefane ba." Ya dube mu da tausayi. "Ku ne na biyu ke nan. Sannunku."

Na dubi Kafinta. Fuskarsa ta yi kamar an watsa mata toka. Yana ta murza wata ƙusa da ya samu a aljihu.

Rana ta take sannan na ɗaya ya iso. Ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Saurayi ne ɗan gata, hannunsa sumul, da gani bai taɓa buge yatsa da guduma ba. Direba ya raɗa mini cewa ƙanin matar Oga ne, wato shugaban ma'aikatar, kamfaninsa kuma duka-duka a cikin jakar hannunsa yake.

Aka kira mu ciki. Mai Girma Shugaban Sashen Saye-saye, Garkuwar Dukiyar Al'umma, Mai Alƙalamin Da Ba Ya Kuskure, ya yi mana jawabi a kan gaskiya da riƙon amana. Wallahi ya iya magana, har na ji ƙwalla. Ya ɗaga akwatin sama kowa ya gani, ya nuna kwaɗon, ya buɗe a gabanmu. Aka karanta farashi. Namu ne mafi sauƙi, da nisa. Kafinta ya damƙe mini hannu har ƙashi ya amsa.

Sai Mai Girma ya gyara tabarau, ya kusanto da takardarmu, ya girgiza kai cikin alhini.

"Kash. Da baƙin biro aka sa hannu. Ƙa'ida ta ce shuɗi."

A nan ne na ɗaga hannu, ina so in ce ga shuɗin biro a aljihunsa, ya ara mana. Sauran kun riga kun ji. Aka tafa wa Ɗan Gata, aka gode mana da muka taimaka wajen tabbatar da gasa mai tsabta, aka ba kowa ruwan roba ɗaya. Na fito hannu manne da jiki kamar soja, na wuce kai tsaye wajen tela, daga can na tafi ba surukina haƙuri.

Gidan Kafinta ya yi tsit kwana da kwanaki. Zarto ya yi shiru. Yara suna tafiya makaranta a ƙasa. Maman Biyu ba ta ce "na faɗa maka" ba, ta dai riƙa shanya wanki a kan katakon, wanda ya fi maganar zafi.

Ana nan sai wata yamma mota ta tsaya a layinmu, ƙamshi ya shigo. Ɗan Gata ne. Kafinta ya aika a kira ni a matsayina na Manajan Darakta. Muka ce to, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, amma ko ba komai zai sayi kujerun a wurinmu, katako ya tashi.

Ashe ba haka ba ne.

"Baba, aikin ba wuya," in ji shi, yana kaɗa makulli. "Kun ga na barandar nan? Za a fito da su ta ƙofar baya, a kawo nan. Ka goge su, ka canza musu leda, a mayar ta ƙofar gaba. Shi ke nan an kawo kaya. Zan sallame ka da kyau."

Kafinta ya juya. Na ga idonsa ya tafi lungun da babur yake kwana a da. Ya dube ni. Ni kuma na dubi silin, don gaskiya Manajan Darakta bai shirya wa wannan taro ba.

Sai murya ta fito daga bayan labule.

"Baban Biyu, tambaya gare ni. Ranar da abin ya fashe, a gidan wa za a ce an ga kujerun? Gidan mai turare, ko gidan mai guduma?"

Kafinta ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Ni kujera na iya yi. Ban koyi yi mata sutura ba."

Ɗan Gata bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya ce ba komai, akwai wani a bayan kasuwa. Ya tafi ya bar mu da ƙamshi.

Maman Biyu ce ta fitar da mu. Ta ce tunda katako ya riga ya zo, a yi kujerun, a riƙa ba da haya ga masu taro. Zarto ya dawo bakin aiki, barcin safe ya sake gagarata, na kuma gode Allah. Taron iyayen yara suka fara ɗauka, sai ƙungiyar masu shaguna, sai masu walima. Kaɗan-kaɗan dai, amma tukunya ba ta huce ba.

Saura ƙiris shekara ta fita, sai ga Kawu Masinja, hula a hannu, yana sunne kai. Ya rantse bai san 'yan rakiya aka nema ba. Amma yau da gaske ya zo. Za a yi gagarumin bikin karɓar sababbin kujeru, manyan baƙi za su zo, kuma babu abin da za su zauna a kai.

Na ce, "Kawu, kujerun fa?"

"Haba, Malam. Ya za a zauna a kansu ba a ƙaddamar ba?"

Maman Biyu ta leƙo ta ce, "Kawu, ka gaishe da Oga. Ka ce kuɗi a hannu, kujera a mota. Da kowane irin biro ya ga dama ya sa hannu."

Haka kuwa aka yi. Na halarci bikin da kaina, cikin rigata ta gida. Manya suka baje a kan kujerun Kafinta, suna fuskantar na gwamnati, waɗanda aka jera cikin sabuwar leda mai sheƙi da jan ƙyalle a gaba. Mai Girma Babban Baƙo ya yanke ƙyalle, ya dafa ɗaya aka ɗauki hoto, ya yaba wa ma'aikatar da ta kashe kasonta tas ba ta bar ko ƙwandala ba. Muka tafa. Ni na fi kowa tafi, don a zaune nake. Ana watsewa aka kwashe su, aka mayar baranda, aka jibge.

Babur dai bai dawo ba tukuna, amma Kafinta ya fara zagayen masu sayarwa yana latsa taya, Maman Biyu kuma ta karɓe muƙamina ba tare da an kira taro ba. Ban yi ƙorafi ba, ta fi ni cancanta.

A hanyar fita mai gadi ya tsegunta mini cewa manya sun lura barandar ta cika, don haka baɗi za a ba da kwangilar gina sito. Na ce madalla, wannan shi ne hangen nesa. Abin da kawai nake ta tunani, jama'a, shi ne inda za a ajiye siton kafin a ƙaddamar da shi.