Ranar da Keke Ya Cinye Mini Wando a Badarawa

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta ranar Asabar a Badarawa ba, kuma ko da na so in manta, mutanen layin nan ba za su bar ni ba. Amma kafin in fara, bari in faɗi abu ɗaya don kada a yi mini fassara: laifin ba na keken ba ne. Wataƙila nawa ne, wataƙila na tela ne, amma keken dai babu ruwansa.

Bayan na gama jami'a da bautar ƙasa na samu ɗan aiki a wani ofis, sai son gyaran tsofaffin kekuna ya kama ni. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai (ko da yake har yau Ummata tana gaya wa baƙi wai na yi digiri na dawo ina faci). A kasuwar Panteka na tsinto firam ɗin keken nan, wato gangar jikinsa, cikin tarin ƙarafa, siriri, irin na tsere, tsatsa ta gama cin sa. Na kankare shi, na goge da samfefa, na yi masa fenti shuɗi, na yi ta zarya a Babbar Kasuwa ina neman sarƙa da feda da sirdin da za su dace da shi. Wayoyin ƙafafun ma da hannuna na ɗaure su, ina kallon bidiyo a waya, in tsayar, in koma baya, in kwance abin da na ɗaure don ban yarda da kaina ba.

To, keken da muka sani tun muna yara, idan ka gaji kana iya tsayar da ƙafa ya ci gaba da gangarawa da kai. Nawa ba haka yake ba. Giyar baya a ɗaure take tam da ƙafar keken, muddin taya tana juyawa, feda ma sai ta juya, ko kana so ko ba ka so. Masu hawan irinsa da yawa ko birki ba sa sawa. Ni da yake matsoraci ne, na sa masa na gaba. Kuma duk wanda ya taɓa tuƙa shi da sanyin safiya a kan kwalta mai kyau, babu ƙara, babu kwaramniya, ya san abin da ya sa na kasa rabuwa da shi.

A lokacin ina neman Hafsat. Wata rana ta kira ni ta ce, "Abba ya ce yana son ganinka ranar Asabar bayan la'asar." Duk wanda ya taɓa neman aure ya san nauyin wannan kira: ko dai a ce ka turo magabatanka, ko kuma a yi maka fatan alheri a sallame ka. Mahaifin nata, Alhaji, babban mai sayar da shadda da yadi ne a kasuwa, kuma labari ya riga ya je masa cewa mai neman 'yar tasa a keke yake yawo.

"Don Allah ko Napep ka hau," in ji Hafsat.

Umma kuwa cewa ta yi, "Ka ari motar yayanka mana. Mutum zai je gaban suruki a kan ƙarfe kamar mai tallar fiya wata?"

Na ce a'a. Ni da ko shayi ba na iya zaɓa sai na yi shawara, a nan kam na kafe. Na ce ba zan fara neman aure da kayan aro ba, abin da na haɗa da hannuna shi zan hau, in Alhaji zai ƙi ni ya ƙi ni a yadda nake. (Har yanzu ina ganin maganar nan tana da ma'ana, ko da yake na yarda akwai wurin gyara.)

Shiri kuwa na yi shi. Na duba iskar taya, na ja sarƙa, na shafa giris, na goge firam har ina ganin fuskata. Ana gobe na bi hanyar na ƙididdige ramukanta. Gaisuwar ma sai da na yi bitarta a gaban madubi. Abu ɗaya ne ban gwada ba. Kullum da matsattsen wando nake hawa, in ɗaure ƙafar da roba. Ranar kuwa sabuwar farar shadda na saka, doguwar riga da wando mai faɗin ƙafa, sitati ya kama shi yana tsaye da kansa. Na ɗauko robar, na ga za ta ɓata mini karin guga, na mayar da ita aljihu.

Ina shawo kwanar layinsu na hango su. An shimfiɗa darduma a ƙofar gida, Alhaji yana zaune da abokansa, ga kuma kakan Hafsat, wani tsoho mai farin gemu da ake kira Baba Malam, a kan kujera da sandarsa.

Kowa ya san yadda ɗan mutunci yake sauka daga keke idan ya hango manya. Tun daga nesa kake ɗauke ƙafar dama ka zagayo da ita ta bayan sirdi, ka tsaya a kan feda ɗaya, ka ɗan rusuna, keken ya gangaro da kai a hankali har ka dire. Haka babana yake yi, haka na taso ina yi. Kaina ya san wane irin keke nake kai, amma ƙafata tarbiyya kawai ta sani. Kafin in ankara ta riga ta zagayo.

Fedar hagu ba ta tsaya ba, domin ba a yi ta don ta tsaya ba. Ta ɗaga ni sama, ta dawo da ni ƙasa, ta sake ɗagawa, ina tafe ina sukuwa a gefen keke kamar mai daka. Na yi yunƙurin mayar da ƙafar dama inda take, sai ƙafar wandon ta faɗa bakin sarƙa. Na ji ana ja na. Cikin ruɗewa na damƙe birkin nan na gaba, wanda na sa don tsaron lafiyata.

Ban san yadda aka yi ba, na dai tsinci kaina kwance a gefen darduma, daidai inda aka jera takalma, keken yana kaina, hulata ta gangara har gaban Alhaji. Sannan na ji wani ɗan sauti a ƙuguna, tas. Zariya ta tsinke. Sarƙa ta naɗe ƙafar wandon ta janye shi har gwiwa, doguwar rigar nan kaɗai ta rage tsakanina da tonon asiri.

Kowa ya zuba mini ido. Ni kuma abin da na haddace shi kaɗai ya zo bakina.

"Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina wuni?"

Alhaji ya dube ni a kwance, fuskarsa ko motsi ba ta yi ba. "Wa alaikumus salam. Lafiya lau."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya iyali? Ya kasuwa?"

"Kasuwa alhamdu lillahi. Ya hanya?"

A nan ne Baba Malam ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi, sauran ma suka bi shi. "Wannan ne zai ƙwace mini amaryar tawa?" in ji shi, irin wasan nan na kaka da jika. "Kai, samari, mu a zamaninmu durƙusawa ake yi. Wannan sabon yayi ne?"

Na yi ƙoƙarin bayyana musu cewa idan aka juya tayar baya ta koma baya a hankali, wandon zai fito. Mutum biyu suka kama, suka juya ta gaba, sarƙa ta ƙara haɗiye wani. Alhaji ya sa aka kawo almakashi, ya durƙusa da kansa, ya murza yadin tsakanin yatsunsa ya girgiza kai. "Shadda mai kyau," ya ce. "Ba ta cancanci wannan mutuwar ba." Ya datse ta. Ta bayan labulen tagar gidan na ji 'yan mata suna sheƙa dariya, kuma na san muryar ɗaya daga cikinsu.

Haka aka shigar da ni zaure aka ba ni aron wandon Alhaji, wanda mutum biyu irina za su shiga su yi hira. Ni da na rantse ba zan zo da kayan aro ba. Na fito ina riƙe da ƙugunsa da hannu ɗaya, na durƙusa yadda ya kamata tun farko.

Alhaji ya tambayi aikina da asalina, na amsa. Sannan ya nuna keken da aka jingine a bango. "Wannan abin, an ce kai ka haɗa shi?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kuma da saninka ka yi shi ba ya tsayawa?"

"Yana tsayawa, ranka ya daɗe. Wato, a wani ɓangaren, ya danganta da yadda aka..."

"Yanzu dai ka ga abin da ya yi maka. Sai ka sayar ka huta, ko?"

Na san amsar da ake jira. Kalma ɗaya ce, kuma Hafsat tana bayan labule tana jin komai. Sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, ba zan sayar ba. Keken bai yi kuskure ba. Ni ne na sauka daga kansa kamar wani keke daban."

Alhaji ya tsura mini ido har na fara tsara yadda zan gaya wa Umma. Sai Baba Malam ya sa baki. "Ka ba shi kawai," ya ce wa ɗansa. "Duk Badarawa ta ga ƙwaurinsa. In ba mu rufa masa asiri ba, wa zai ɗauke shi?"

Alhaji ya juya kai gefe, kafaɗunsa suna rawa. Da ya juyo ya ce, "Ka turo manyanka. Amma ka ce musu su zo a ƙasa."

Har gobe keken nan nake hawa zuwa aiki, kuma ga wani firam can a tsakar gida yana jiran fenti, shi ma haka zan ɗaure masa giya, duk mai magana ya yi. Abin da na koya kaɗan ne: idan za ka je gaban manya, ka sauka tun daga kwanar layi ka turo abinka da hannu, ladabin da aka yi a guje ba ya ƙarewa a tsaye. Wandon Alhaji kuwa na wanke na goge na mayar masa bayan biki. Ya ƙi karɓa.

"Ajiye a wurinka," ya ce. "Ai za ka riƙa zuwa gaisuwa."