Yadda Za Ka Gano Ƙarar Bayan Babur Ba Tare Da Ka Tambayi Ta Baya Ba

Ɗan'uwa mai babur, in ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari kafin la'asar babu sauran ƙara a bayan mashin ɗinka, kuma garinku zai san yana da masani. Ba da ka nake magana ba. An gwada su a kan Tasi'u, wani manomin gyaɗa a ƙasar Makoda, ranar da ya ɗauko ƙanwarsa Khairiyya zai kai ta jarrabawarta ta ƙarshe a makarantar koyon ungozoma.

Duk shekarun karatunta a bayan babur ɗin nan ta yi su. Rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, har bayanta ya haddace kowane rami na hanyar. In ta makara a wannan rana sai ta maimaita shekara, matan layinsu da suka ce ba za ta gama ba kuwa sun samu abin hira har kaka. Ka riƙe wannan a ranka, domin Tasi'u bai riƙe ba, kuma shi ya sa ya yi nasara.

Mataki na 1: Ka ji ƙarar, ka nuna ba ka ji ba

Kuna fita daga gari, kun shiga 'yar hanyar da ta ratsa gonaki, dawa ta yi tsayi dama da hagu, sai wani abu ya fara ƙal-ƙal-ƙal a baya. Kada ka waiwaya. Ka ƙara wuta. In ta ƙaru, ka rage. In ta ragu, ka sake ƙarawa. Masana sun tabbatar da cewa yawancin cututtukan babur kunya gare su, in aka share su suna tafiya da kansu.

Mataki na 2: Kada ka saurari wadda ke zaune a kan ƙarar

Wannan shi ne ginshiƙin ilimin gaba ɗaya. Wadda ke bayanka ta fi ka kusa da ƙarar, saboda haka kusancin ya ruɗa ta.

Khairiyya ta matso da bakinta kusa da kunnen yayanta ta ce, "Yaya, cokali ne. Inna ta ɗora shi a kan murfin kwanon dambu kafin ta ɗaure da tsumma."

"Me?"

"Cokali. A kan murfi. Kwanon da ka ɗaure a kariya, nan bayana."

Tasi'u ya ce, "Ke dai ki riƙe karatunki, ni in riƙe mashina. Cokali ba ya irin wannan kukan."

Ta kai hannu baya za ta kwance kwanon, ya ce kada ta kuskura ta taɓa masa roba, shi kaɗai ya san yadda ya ɗaure ta. Ka lura da yadda ya rufe ƙofar nan da wuri. Ka yi koyi da shi.

Mataki na 3: Ka tsaya inda akwai mutane

Ba a duba babur a inda babu shaida. Ka daure har ka iso gindin wata darbejiya da ake hutawa in an taso daga gona. A nan Tasi'u ya kafe mashin, ya sauka, ya zagaya shi hannu a baya kamar mai taya sa a kasuwa.

Wanda ya fara tasowa shi ne Baba Baƙo, dattijo mai fartanya a kafaɗa. Bai taɓa mallakar babur ba, amma ɗansa yana da keke, don haka aka ba shi wuri a gaba.

"Sannu, Tasi'u. Ina ne ke ciwo?"

"Baya ne, Baba."

"Baya kam ba shi da daɗi. Ni ma nan ne."

Mataki na 4: Ka kwaikwayi ƙarar da bakinka

Tunda babur a tsaye ba ya ƙara, kai za ka yi masa. Tasi'u ya murguɗa baki ya ce ƙal-ƙal-ƙal. Wani mai rake ya ce in ƙal-ƙal ce to sarƙa ce ta saki, amma in ƙwal-ƙwal ce to salansa ce. Aka sa Tasi'u ya maimaita a hankali. Wannan karon ta fito ƙwar-ƙwar, abin da ya raba taron gida biyu. Baba Baƙo ya bari suka gaji, sannan ya ce, "Boris ne. Ƙwallayen cikin taya sun cinye juna." Babu wanda ya taɓa ganin boris ɗin da idonsa, don haka kowa ya amince.

Khairiyya tana tsaye a gefe da jakarta, tana kallon inuwar bishiyar tana tsukewa. Ta yi shekaru tana haƙuri da hanyar nan, ta san yadda ake yi: a haɗiye, a gyara tsayuwa, a sake faɗa.

"Yaya, rana tana yi."

"Gara ki makara da ki isa a karye. Ko ba haka ba, Baba?"

"Haka ne. 'Yan makaranta ba su da haƙuri."

Mataki na 5: In an kawo maka hujja, ka saurare ta da kunnen gwani

Kafin a kai ga taya dole a sauke kaya. Da Tasi'u ya kwance roba ya ajiye kwanon a ƙasa, Khairiyya ta ɗauka, ta shiga tsakiyar maza, ta girgiza shi. Ƙal-ƙal-ƙal.

Kowa ya juya ya kalli Tasi'u. A nan ne raggon mutum yake faɗuwa. Kai kada ka faɗi.

Tasi'u ya karkata kai ya ce, "Sake."

Ta sake.

"Sun yi kama," in ji shi. "Amma taki siririya ce. Tawa daga ciki take fitowa."

Baba Baƙo ya gyaɗa kai. "'Yar nan tana da ƙoƙari. Amma ƙarar ƙarfe daban, ta kwano daban."

"Baba, kwanon ma ai ƙarfe ne."

"To kin gani. Shi ya sa suka yi kama."

Mataki na 6: Ka cire tayar

Kada ka hau ka gwada babur ɗin ba kaya. Gwaji na masu shakka ne. Ka ari sifana, ka kwance notuna, ka zuba su a cikin hularka don kada su ɓace a ciyawa. Da zarar taya ta kwanta a ƙasa, gardama ta ƙare, domin babu wanda zai iya cewa ba a yi aiki ba.

Mataki na 7: Ka sallami fasinja

Khairiyya ta kalli tayar a ƙasa, ta kalli rana. Ba ta yi kuka ba, ta daina wannan tun shekarar farko. Ta fita bakin hanya ta tsayar da Munir, ɗan acaɓan ƙauyen gaba.

Tasi'u, kansa a ƙarƙashin mashin, ya ce, "Ki tafi da kwanon nan, yana tare mana wuri."

Munir ya ɗaure kwanon a kariyarsa, suka kama hanya. Ba su wuce gonaki biyu ba sai ƙal-ƙal-ƙal. Ta ji kafaɗunsa sun ɗaga. Ta ji wuta ta ragu. Ta hango wata bishiyar a gaba, da mutane a gindinta.

"Malama, ki yi haƙuri, wallahi mashin ɗin nan bai taɓa..."

"Munir, in ka taka birkin nan, ni da kai sai a gaban mai gari."

Ta juya, ta cusa yatsu a cikin tsumman, ta zaro cokalin, ta miƙa shi ta saman kafaɗarsa har gaban hancinsa. Hanya ta yi tsit, sai kukan inji kawai.

Munir ya saurara, ya saurara, sannan ya saki fuska. "Kin ji ta daina. Mashin ɗin nan haka yake, shi yake gyara kansa."

Ta isa ana jan ƙofar ɗakin jarrabawa. Malamar da ke tsaron ƙofar ta dubi hijabin da ya sha taɓo, ta dubi cokalin da ke hannunta, ta ce, "Ke kuma walima aka ce miki ana yi?"

"Birona yana jaka, Malama."

"Wuce ki zauna."

Mataki na 8: Ka mayar da taya, ka karɓi yabo

Ka shafa giris a duk inda hannunka ya kai, ka mayar da komai yadda ka tuna. In noti ɗaya ya ragu a hula, ka sa shi a aljihu. Masu ƙera babur suna sa ƙari ne saboda albarka.

Tasi'u ya buga mashin, ya tafi har kan kwana ya dawo. Babu ƙara ko kaɗan. Mai rake ya ba shi gaɓa biyu kyauta. Baba Baƙo ya ce shi tun daga nesa ya ji boris ne. Kafin sati ya zagayo, mutane sun fara turo baburansu ƙofar gidan su Tasi'u don ya saurara musu.

Da yamma Khairiyya ta dawo, ya tare ta a zaure.

"Ƙanwata, da kin ƙara haƙuri kaɗan da kin ga aiki. Tsit kake ji."

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya." Ta shige ciki ta wanke cokalin, amma ba ta mayar da shi kwandon Inna ba.

Mataki na 9: Ka shirya, ciwon yana dawowa

Khairiyya ta ci jarrabawarta. Yanzu ita ce ungozoma a asibitin garinsu, kuma matan da suka ce ba za ta gama ba ita suke aika wa in naƙuda ta tashi. Tasi'u ne yake kai ta aiki har yau, kuma yakan gaya wa majalisa cewa ba don shi ya gano boris a ranar nan ba, da ba a samu ungozoma a garin ba.

Abin mamaki, duk ranar da ya faɗi haka, washegari boris ɗin yakan tashi. Kullum kuma a ranar da Khairiyya ba ta da aiki, sai dai ziyara gidan gwaggo da kwanon dambu. Takan samu inuwa ta zauna, ta buɗe kwanonta, ta ci a nutse tana kallon taya a ƙasa. Cokali kuwa ba ta taɓa mantawa da shi ba.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da ya biyo baya. Tayar da ta ƙi komawa, notin da ke aljihunka, sifanar mutane da ta ɓace a ciyawa, da fasinjar da ta bar ka a gindin bishiya, duk naka ne. In kuma ka bi matakan nan kaf ƙarar ba ta tafi ba, kada ka neme ni. Ka waiwaya, amsar tana zaune a bayanka tun daga gida.