Jar Hular Dillali Bukar

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikata a Mairi ba, kuma gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan labarin nan ni ne.

Duk Kasuwar Shanu an san ni da abu biyu, sanin saniya da sanin wasan Dillali Bukar, barkwancin nan da muke kallo muna samari. A layinmu na Khaddamari ni na fara sayen talabijin, baƙi da fari, da batirin mota muke kunna ta. Shekara arba'in ina ba da fatawa kan wasan nan (a aji huɗu na tsaya, amma a wannan fanni ni farfesa ne). Sai ga yaran zamani wai sun sake yin sa. Ban kalla ba, amma tuni na yanke musu hukunci.

Muna rumfa muna jiran shinkafa, abokina Ba Modu (mu nan "Ba" muke cewa maimakon Baba) ya miƙo mini waya. "Alhaji, duba wannan."

Na gyara tabarau. Ga wani siriri da jar hula yana cinikin bijimi. Dangin surukina suka matso, har da wani tsoho mai cin goro. Na ce a raina, yau za su san gidan ilimi suka nemi aure!

"Innalillahi! Jar hula? Bukar na asali baƙa yake sawa, ni shaida ne! Ku dubi tafiya kamar maraƙi mai zawo!"

"Alhaji, tsaya ka ji..."

"Ba na tsayawa, Modu! Ko riƙon sanda bai iya ba. Wannan ko butar Bukar bai isa ya ɗauka ba!"

Tsohon nan ya ajiye goronsa.

"Hular ja ce tun farko, Alhaji. Tana nan a akwatina."

Na dube shi, na dubi waya. Hancin ɗaya, wushiryar ɗaya. Ashe tsohon wasan ne Modu ya kunna don ya haɗa ni da gwanina, ni kuwa ban taɓa ganinsa da kala ba.

Na kama hannunsa bibbiyu. "Ba Bukar, wallahi ba ka da masoyi kamata! Shekara arba'in ina yabonka!"

Ya zare hannu, ya ɗauki goronsa.

"Na ji yabon yanzu. Ashe duk shekarun nan talabijin ɗinka ce take rufa mini asiri."